Don Allah akwai mai karanta labarin soyayyar da babu kuka a ciki?

Ɗiyar_Takalau
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta abin da ake turowa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai na cire kunya. Ni 'yar Birnin Kebbi ce, ina shekara ta biyu a Kwalejin Waziri Umaru. Wata uku ke nan ina rubuta wani labari a waya, na kai babi na tara, sai na tura wa wata da ta riga ni fara rubutu don ta duba min. Ta ce labarin ya yi daɗi amma ba zai sayu ba, tunda babu attajiri, babu kishiya, babu boka, babu wanda ya ci amanar wani. Tun ranar jikina ya yi sanyi.

Ga yadda labarin yake. Aminai biyu ne, Kulu da Luba, gida da gida suke a Argungu, sun gama sakandare suna jiran sakamakon JAMB. Waya ɗaya gare su su biyu, tsohuwar wayar yayan Luba ce mai fasasshen gilashi, yau ta kwana wajen wannan gobe wajen waccan. Akwai wani yaro Arzika mai shagon cajin waya a bakin tasha. Wata rana ya yi ta maza ya tura saƙo zuwa lambar, amma kunya ta hana shi ambatar suna. To wa yake nufi? Kulu ta ce Luba ce, Luba ta ce Kulu ce, kowace tana tura wa 'yar uwarta. Sai suka shirya za su riƙa ba shi amsa bi da bi har ya faɗi sunan da bakinsa. Shi kuma Arzika yana da nasa abin ɓoyo. Kakansa masunci ne da ake ji da shi, amma shi ruwan da ya kai gwiwa ma ba ya iya shiga, ga bikin kamun kifi ya matso, ga shi ya riga ya cika baki a saƙo.

Tambayata biyu ce. Shin akwai masu karanta irin wannan, ko in shigo da mai kuɗi da makirci kamar yadda aka ce min? Sannan in bar mutanena su yi magana da Kabanci yadda muke yi a gida, ko in mayar da su Hausar littafi?

Ummu_Sadiq_Gusau
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni zan karanta, kuma zan biya. Wallahi na gaji da ɗan shekara ashirin da biyar mai jirgin sama na kansa da kamfani a Dubai. Ina muka taɓa ganinsa? Saurayin da na sani shi ne mai zuwa zance da aron takalmi. Kar ki taɓa labarinki.

Alƙalamin_Jega
Ni fa ba zan yi miki daɗin baki ba, shekara shida ina sayar da labari a WhatsApp. Wadda ta gaya miki haka ba ƙiyayya ta nuna miki ba, kasuwa ta sani. Yadda ake yi, ki saki shafukan farko kyauta, inda labari ya ɗau zafi ki tsaya ki ce a biya a shiga zauren kuɗi. To abin da ke sa mace ta ciro ɗari biyar ɗinta shi ne ta kasa barci sai ta ji me zai faru. An yi wa yarinya auren dole, an sace jariri, miji ya dawo ya tarar da abin da bai zata ba. Na taɓa rubuta na barkwanci, kowa na ta turo dariya a shafukan kyauta, da aka zo biya mutum goma sha ɗaya suka shigo. Wanda na rubuta bayansa na kishiyoyi uku sai da na buɗe zaure na biyu. Masu cewa za su biya a nan, Allah ya sa su cika, amma yabo daban, lambar asusu daban.

Bello_Kalgo
Kafin a yi nisa, ki ɗan ɗanɗana mana mana. Ba a sayen doki a cikin ruwa.

Ɗiyar_Takalau
To ga kaɗan daga babi na uku, Yaya Bello.

Kulu ta miƙa wayar, Arzika ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi ƙwai. Ya bi jerin wayoyin da ke kan katako da ido, ya zare ta wani ɗan kabu-kabu da ko rabi ba ta kai ba, ya soka tasu.

"Nawa na?" in ji Luba.

"A bar shi," ya ce, idonsa na kan janareta.

"Jiya ma hakanga kac ce. Wa kaka bar ma, ni ko ita?"

Arzika ya buɗe baki ya rufe. Can sai ya durƙusa ya hau duba man janaretan da shi da kansa ya cika ɗazu.

Suna fita Kulu ta ce, "Kin gani ko? Ke yad duba."

"Janareta yad duba," in ji Luba.

Ummu_Sadiq_Gusau
Janareta yad duba! Na yi dariya har ƙaramin ɗana ya farka. @Alƙalamin_Jega, ki faɗi gaskiya, ba ki son jin abin da ya biyo baya?

Alƙalamin_Jega
Ina so. Yarinyar tana da hannu, ban musa ba. Maganar kasuwa nake yi.

Abba_Fagge
Ni Bakano ne, hidimar ƙasa ta kawo ni Kebbi. Gaskiya sai da na karanta "wa kaka bar ma" sau uku. Na ɗauka kakar yaron ake nufi. In kina son mutanen Kano da Kaduna da Jos su saya, kuma can ne masu karatu suka fi yawa, ki sassauta. Ba raini ba ne, mai karatu in ya yi tuntuɓe sau biyu a shafi ɗaya ajiyewa yake yi.

Basarke_Matan_Fada
Abba, mu da munka girma muna karanta "ta ce da shi" da "ne" da "ce" ba mu aje littahi ba, mun koya. Kai ma ka koya. Wata ukku kana cin tuwon shinkahwarmu, "kaka" ɗai ta gagare ka?

Malam_Na_Hausa
Bari in sa baki, shekara ashirin da biyu ina koyar da Hausa a sakandare. Ɗiyata, abin da kika yi a ɗan guntun nan shi ne daidai, ko kin sani ko ba ki sani ba. Bayanin marubuci kin yi shi da daidaitacciyar Hausa, maganar da ke fita daga bakin taurari kin bar ta da karin harshensu. Haka ya kamata. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne galibi a kan karin Kano don a samu hanyar rubutu guda, ba don a ce sauran kare-karen kuskure ba ne. "Munka" da "sunka" da "anka" tsofaffin siffofi ne, duk wanda ya karanta waƙoƙin malaman jihadi ya ci karo da su.

Shawarata guda biyu. Ki tsaya a kan ƙa'ida ɗaya: in Luba ta ce "yad duba" a babi na uku, kada ta koma "ya duba" a babi na bakwai sai da dalili, misali tana kwaikwayon 'yan fim don ta burge. Na biyu, ki bar jimlar da ke kewaye ta fassara kalmar. Abba ya rikice da "kaka", amma da ya kai "ni ko ita" ai ya gane.

Game da cewa raha ba ta da daraja kuwa, a tuna cewa ƙagaggun labaran Hausa na boko sun fara ne da gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, kuma wanda ya fi shahara cikin littattafan da suka fito daga gasar, dariya da yawon duniya ne ƙashin bayansa. Har gobe ana karanta shi a aji, yara na ƙyalƙyala dariya. Sa mutum kuka ya fi sa shi dariya sauƙi a rubutu. Na gwada duka biyun da ɗalibai, na gani.

Basarke_Matan_Fada
Yanzu in koma Hausar kowa don Abba ya ji. Ƙanwata, tunda a garinmu kika ajiye labarin, akwai abin da nake roƙo kar ki yi kuskurensa, don na taɓa karanta wani da aka ce saurayi ya shiga gasar da ƙugiya da jirgin inji. Ba haka ake yi ba. Homa ake shiga da ita, wato koma ta hannu, da babban gora mai baki. Goran nan shi ne abin hawanka a ruwa, ka kifa cikinka a kai kana shawagi, kuma a cikinsa kake jefa abin da ka kama. Mutane dubbai ke jeruwa nesa da gaɓar gulbin Matan Fada, kowa homa a kafaɗa. In aka harba bindiga sai ka ji ƙasa na rawa, ƙura ta tashi, kafin ka ƙifta ido ruwan ya koma baƙi da kawuna, makaɗa na bi cikin kwale-kwale suna kiɗa. Kamar awa ɗaya ake yi. Wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi a sikeli shi ya ci. Kafin ranar akwai wasannin Kabanci, su tseren kwale-kwale da nutso da kamun kifi da hannu da kamun agwagwa. Kuma ba a taɓa ruwan sai Sarkin Ruwa da Makwashe, masu kula da gulbin a gargajiyance, sun gama nasu aikin.

Bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Amma ki sani ba kowace shekara ake yi ba, an yi kusan shekara goma shiru kafin a dawo da shi a 2020. Wannan ma zai yi miki amfani: yaro zai iya girma a Argungu yana cika baki shekara da shekaru ba a kama shi ba, sai kwatsam a ce bana za a yi.

Su Kulu kuma a bakin gaɓa za su tsaya kallo, maza ke shiga.

Abu na ƙarshe, akwai irin Arzika da gaske. Ɗan baffana ne, gidan masunta gaba da baya, shi kuwa ko wanka a gulbi ba ya zuwa. Tela ne yanzu, kuma duk gidan shi ya fi rufin asiri.

Ɗiyar_Takalau
Allah ya saka da alheri Yaya Basarke. Wallahi a babi na takwas na rubuta cewa ya ari jirgi. Yau zan goge. Wannan maganar ta shekara goma ba a yi ba kuwa ta warware min matsalar da ta dame ni, don na rasa yadda zan bayyana dalilin da asirinsa bai tonu tun yana ƙarami ba.

Abu_Ammar
Ni kuma ta wani gefen nake kallo, a yi min haƙuri. Ana ta dariya, amma me labarin ke koyarwa? 'Yan mata biyu suna musayar saƙo da saurayi a ɓoye, iyaye ba su sani ba, har suna yaudararsa su biyu. Yarinya 'yar shekara sha biyar ta karanta, gobe ta ce ai wasa ne. Ɓarna ba da fuskar ɓarna take shigowa ba, da murmushi take shigowa. Ban ce a daina rubutu ba, amma marubuci makiyayi ne, za a tambaye shi.

Hajiya_Inno
Malam Abu Ammar, maganarka tana kan hanya, amma bari in gaya maka abin da na gani da idona. 'Ya'ya mata huɗu gare ni. Bara na karɓi wayar ta biyun don in kira ƙanwata, sai ga wani labari a buɗe. Na karanta layi biyar na zauna a bakin gado, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Batsa ce tsirara, wadda ni da na haifi shida ban taɓa jin an furta ba. Kuma kyauta ake tura musu, daga wannan zaure zuwa wancan. Na ƙwace wayar wata biyu. Me ya faru? Ta koma karantawa a wayar ƙawarta.

Yaran nan sai sun karanta labarin soyayya, mu ma mun karanta. A zamaninmu haya muke ɗaukowa wajen mai shago, mu sa a tsakiyar littafin lissafi. A Kano har hukumar tace finafinai da ɗab'i aka kafa a 2001, a 2007 aka tara littattafai aka cinna musu wuta, to an daina? Sai ma abin ya koma waya inda babu mai gani. In dai za su karanta, ni na fi son su karanta yaron da kunya ta sa shi duba man janareta. Wannan ai kunya yake koya musu.

Abu_Ammar
Hajiya na ji, kuma Allah ya shirya mana zuri'a. Ban haɗa wannan da waccan ƙazantar ba. Abin da nake nema kawai, iyaye su kasance a cikin labarin, kada a mayar da su kamar kujerun ɗaki. Kuma abin ya ƙare ta ƙofar gida, ba ta taga ba.

Ɗiyar_Takalau
Malam, akwai kakar Kulu, Inna Tumba, a ɗakinta wayar ke kwana ranar da take hannun Kulu. Ba ta iya karatun boko ba amma tun saƙo na biyu ta gane, don ta ga yaran sun fara kai waya caji alhali an kawo wuta. Ita ce ma za ta aika a kira Arzika. Ban so in faɗa ba don kar in ɓata labarin.

'Yar_Zuru
Ina bin zancen nan tun safe. Abin da ya fi burge ni ba Arzika ba ne, Kulu da Luba ne. Me ya sa a littattafanmu da zarar an ce "aminiyarta" sai gabanka ya faɗi, ka san ita za ta kai sunanta wajen boka ko ta aure mata miji? Ni aminiyata tun aji ɗaya a makarantar kwana Musulma ce, ni Kirista. Da azumi ni ke ɓoye mata abincinta na rana a cikin kwano har magariba, in lulluɓe da ɗankwali don kar ya huce. Ranar Lahadi ita ke riƙe min layin ɗiban ruwa har in dawo daga coci. Yau shekara goma sha huɗu, ɗiyarta ta fari sunana na gida ake kiranta da shi. Ban taɓa ganin irinmu a littafi ba, ko sau ɗaya.

Kuma don Allah marubutan Kebbi, jihar nan masarautu huɗu ce, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru. Ku leƙo kudu. A al'adar Dakarkari akwai golmo, saurayi ya yi shekaru yana noma a gonar surukai tare da abokansa kafin a ba shi mata, har shekara bakwai ana yi. Ku duba irin labarin abota da dariya da ke cikin wannan: abokinka ya sha rana shekara da shekaru saboda yarinyar da ba shi zai aura ba. Ga bikin Uhola da kokawa. Kaya ne jibge babu mai ɗauka.

Maman_Ihsan
'Yar Zuru, Allah ya bar ku tare, amma kar a ce marubuta ƙarya suke yi. Ni tawa aminiyar, wadda muke cin abinci kwano ɗaya, ita na riƙa aika wa da saƙo wajen wanda zan aura. Yau matarsa ce, 'ya'yansu uku. Shi ya sa da na karanta cewa waya ɗaya suke amfani da ita sai da cikina ya juya. Ni na san inda irin wannan ke ƙarewa.

'Yar_Zuru
Allah ya huci zuciyarki Maman Ihsan, ban ce ba ya faruwa. Naki an rubuta shi sau ɗari, nawa ne ba a rubuta ba.

Nura_Aliero
Ku mata kuna ta maganar aminiya, mu ma fa akwai namu. Wa ya taɓa rubuta labarin ɗan rakiyar zance? Ni na yi wa abokina rakiya wata tara. Shi yana zaure a kan tabarma, ni ina waje a kan dakali da sauro, ina gadin babur ɗin da muka aro, ƙannen yarinya sun kewaye ni sai na ba su na alewa. Lokacin kwasar albasa ne ma, mu wuni a gona, mu yi wanka sau biyu don kar a ji warin, mu fesa turare ɗaya. Ranar ɗaurin aurensa na fi shi kuka don daɗi. Ƙanwata ki ba Arzika aboki irin wannan, wanda ya san ba ya iya ruwa kuma yake rufa masa asiri, yana kai shi fadama da asuba a ɓoye yana koya masa a inda ruwa bai wuce cinya ba.

Ba'are_Kangiwa
In za a ba shi aboki a sa shi Ba'are, Luba kuma ta zama Bafulatana. Wasan da ke tsakanin Arawa da Fulani kaɗai ya isa ya cika babi uku, kuma babu wanda zai ji haushi don kowa ya san taubasantaka ce. Har kuɗin shara na watan cika-ciki ki sa su yi rigima a kai.

Ɗan_Yauri
Ni ban san yadda zan faɗi wannan ba tare da na ɓata muku hira ba. Muna jihar da aka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 aka kwashi ɗalibai, a shekarar kuma aka kwashi 'yan matan Jangebe a Zamfara. Ƙauyuka nawa aka tasa? Sai mai ilimi da baiwar rubutu ta zauna tana ba mu labarin cajin waya? Ina ganin alƙalami yana da aikin da ya fi wannan a yanzu.

Anti_Luba_Nas
Ɗan Yauri, zafin da kake ji muna jin sa, kuma a rubuta wancan ɗin, dole ne. Amma ka ji wannan. Ƙanwata tana makarantar kwana a shekarar da kake magana. Ta ce min da dare ko ƙofa iska ta buga sai ɗaki ya hargitse, wasu su shige ƙarƙashin gado. Abin da ya riƙa kwantar da su, wata babbar ɗaliba ce da ke da labari rubuce a littafin aji, na wata yarinya mai tallan fura da ɗan acaɓan da kullum ke ɓarar mata da ƙwarya. Sai ta kunna tocila a cikin bargo ta karanta musu shafi biyu, a yi dariya ƙasa-ƙasa, ƙananan su yi barci. Ƙanwata ta manta sunayen malamai da yawa, amma har yau tana ba ni labarin mai furar nan. Yaran da suka tashi cikin tsoro su ma suna da haƙƙin su ga kansu a labari suna dariya, ba kullum a matsayin waɗanda abu ya faɗa wa ba.

Ɗan_Yauri
Na ji Anti. Ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, amma ban taɓa kallonsa ta nan ba.

Alƙalamin_Jega
Bari in dawo da mu kan tambayar farko, tunda ni na fara tsinka mata gwiwa. Na sake karanta guntun nan. Ƙanwata, ashe kina da abin da ke hana barci, ba ki lura ba ne. Dole wata rana Arzika ya faɗi suna ɗaya. To ɗayar fa? Wata biyu tana rubuta masa amsa da hannunta, kina nufin zuciyarta ba ta motsa ba? Maganar Maman Ihsan ke nan ta wata fuska. Ba sai kin kawo boka ba. Ki tsayar da shafukan kyauta daidai daren da ɗaya daga cikinsu ta karɓi wayar ba ranar kwananta ba, ta ce caji za ta duba. A nan mata za su biya.

Sai dai ki shirya wa ɓarayi. Ranar da kika saki babi a zauren kuɗi, kafin la'asar wata ta kwafe ta watsa. Ni har a YouTube na tarar ana karanta labarina da murya, an canza masa suna, ko sallama ba a yi min ba. Ki riƙa sa sunanki a tsakiyar shafi, ba a sama kaɗai ba. Kuma ki ajiye kwafinki a wuri biyu, kada ki dogara da manhaja ɗaya. Da OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023 marubuta da yawa sun shiga ruɗani.

Malam_Na_Hausa
Ƙari a kan haka, BBC Hausa na shirya gasar Hikayata ta mata zalla tun 2016. Gajeren labari ake nema, ba littafi ba, saboda haka ba wannan za ki tura ba, amma ki gwada hannunki da wani dabam in an buɗe. Matse labari cikin 'yan shafuka zai koya miki yanke abin da ba ya da amfani.

Maman_Ihsan
Ni dai roƙona ɗaya. In ɗayar ta ji ciwo, a bar ta ta ji ciwon, kar a share da dariya a shafi ɗaya. Ta yi fushi, ta ƙi zuwa gidan kwana uku, wayar ta mutu babu mai kai ta caji. In sun shirya bayan haka zan yarda da su.

Abba_Fagge
To ni yanzu duk wannan bai dame ni ba. Wa yake so? Kulu ko Luba? Ni na ce Luba, mai baki.

Nura_Aliero
Kulu ce. Wadda ka kasa kallo ita kake so, wadda ke maka surutu ƙawa ce. Ka tambayi duk wanda ya yi zaman dakali.

Ɗiyar_Takalau
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na kwafe duk abin da aka faɗa. Kabanci zai zauna a bakin taurari kamar yadda Malam ya ce. Jirgi ya fita, homa da gora sun shigo. Arzika ya samu aboki, Yaya Nura, har na raɗa masa suna Nomau. Anti Maman Ihsan, kwana ukun nan da kika faɗa zan rubuta su, ko da yake ina jin tsoron kada labarin ya yi nauyin da ban nufa ba, sai na gwada na gani. Maganar sayarwa ko sakewa kyauta har yanzu ban yanke ba. Sunan wadda yake so kuwa, Yaya Abba, yana babi na sha huɗu.

Yaya Basarke, tambaya ta ƙarshe. Wanda bai iya ruwa ba sam, in ya rungume goran nan da kyau, zai iya kaiwa tsakiyar Matan Fada ya dawo da ransa? Ina so ya shiga, amma ba na son in rubuta abin da masunta za su karanta su ce ƙarya ne.

Basarke_Matan_Fada
Gora ba ya nutsewa, amma yana juyawa, kuma a cikin turmutsitsin nan wani zai iya bangaje shi ya suɓuce masa. Shi kaɗai kada ki kai shi tsakiya. Ki sa Nomau a gefensa riƙe da wuyan goran, su tsaya kusa da gaɓa inda ƙafa ke taɓa laka. A nan ma ana samun kifi, ƙanana dai, irin wanda in ka ɗaga shi sama 'yan kallo za su yi maka ihu. Bari in je gida da yamma in tambayi tsohonmu yadda ake ɗaure homa a hannun wanda bai saba ba, gobe in turo miki.